Tambaya da Amsa: Zoɓona ya fi daɗi amma ba ya tafiya

Tambaya: Salamu alaikum Anti, daga unguwar Birni nake nan Damagaram. Ina yin zoɓo da kunun aya ina kaiwa wani shago kusa da Kasuwar Dole, wallahi nawa ya fi daɗi amma na wata mai takarda manne a jikin gora shi ke fara ƙarewa. Meye sirrin?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Ai ido ba mudu ba ne amma ya san kima, mai saye zai buɗe firigo cikin zafin nan bai ɗanɗana komai ba, abin da ya gani da suna da lambar waya shi zai ɗauka don ya san akwai wanda zai nema idan wani abu ya faru. Ki sa sunanki da manyan baƙi, farar takarda ko rawaya ta fi fitowa a kan jan zoɓo, kuma kar ta rufe gorar duka, a bar mutum ya ga kalar. Takarda zalla kam raɓar sanyi na jiƙa ta tawada ta zube, ki nemi sitika ta leda. Kunun aya kuwa dole ki rubuta ranar da kika yi shi, saurin tsami gare shi.