Tambaya da Amsa: Shin Akwai Alawus na Wata-wata ga Masu Buƙata ta Musamman?

Tambaya: Injin niƙa na kamfanin da mijina ke wa aiki ya cinye masa hannun dama, har aka yanke shi wata 4 da suka wuce. An ce gwamnati na biyan naƙasassu kuɗi duk wata. Ya cancanta? — Wata mai karatu daga Kano.

Amsa: Allah Ya ba maigida lafiya, Ya sa kaffara ce. Malama, dokar tarayya mai hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ba ta yanka wa kowa albashi ba. Haƙƙoƙi ta bayar: karatu kyauta har sakandare, kashi 5 cikin ɗari na guraben aikin gwamnati, da fifiko a layi. Alawus na wata-wata shiri ne na wasu jihohi, kamar Jigawa da ta fara biyan naira 7,000 a 2007, kuma kowace jiha da sharuɗɗanta.

Kuɗin maigida na wani wuri ne. Tunda a bakin aiki abin ya faru, dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta shafe shi, kuma hukumar NSITF, mai kula da asusun inshorar ma'aikata na ƙasa, ita ce ke biya. Ma'aikaci zai sanar da kamfani cikin kwana 14, kamfani ya kai rahoto ga hukumar cikin kwana 7, sannan a shigar da buƙatar diyya kafin shekara ta cika. Nan ake yawan asara: iyali su shagala da jinya, kamfani ya ba da ɗan kuɗin magani, lokaci ya ƙure. Kada ya sa hannu a wata takardar sulhu sai lauya ya duba ta. Ku tambayi kamfanin a rubuce ko yana zuba kashi 1 cikin ɗari na jimillar albashin ma'aikatansa a asusun diyya na NSITF, domin wajibi ne a kansa.

Sai shaidar naƙasa. Likita na iya bayar da ta wucin gadi, wadda ba ta wuce kwana 180, amma ta dindindin daga hukumar kula da masu buƙata ta musamman ta ƙasa take fitowa, bisa shawarar likita. Ku tanadi rahoton asibiti, lambar NIN da hotuna. Sunan da ke rahoton ya yi daidai da na NIN harafi da harafi, don saɓanin suna kaɗai na iya tsayar da takarda. Reshen JONAPWD, haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu buƙata ta musamman ta ƙasa, na jiharku zai nuna muku ofishin da za ku je.