Ku Tambaya Mu Amsa: Hanyoyin da Fursunoni Suka Sassaƙa a Ostareliya

Tambaya: Na ji an ce fursunoni ne suka yi manyan hanyoyin farko na ƙasar Ostareliya. Su wane ne, kuma me ya kai su can? Daga wani malamin makaranta a Zariya.

Amsa: Gaskiya ne, Malam. Daga shekarar 1788, da jiragen farko suka sauka a Sidni, zuwa 1868, Birtaniya ta kwashi fursunoni kimanin 162,000 ta kai Ostareliya, yawancinsu kan laifin sata. Wanda ya kama kansa akan ba da shi ga manomi ya yi masa aiki. Wanda ya sake laifi a can kuwa, sai a tura shi aikin hanya.

Da fari aikin hanya na iya zama ƙofar 'yanci. A 1814 William Cox ya ɗauki fursunoni 30 ya ratsa duwatsun Blue Mountains da hanya mai tsawon kilomita 163 cikin wata shida, aka saka musu da afuwa. Amma faɗinta ƙafa 12 ne kacal, kuma a gangaren Mount York sai an ɗaura wa amalanke gungumen itace a baya kada ta ƙwace. Da Gwamna Ralph Darling ya zo a 1825, sai aikin ya koma horo zalla. Aka kafa ƙungiyoyin 'yan mari, kowace da mutum 50 zuwa 60. Maƙeri ne ke daddale marin a ƙafa, shi ne kuma ke cirewa. Da shi ake aiki, da shi ake kwana.

Babban aikinsu shi ne hanyar da ake kira Great North Road, daga Sidni zuwa kwarin Hunter, wajen kilomita 260, wadda aka yi daga 1826 zuwa 1836. A wani lokaci fursunoni kusan 700 ne a kanta.

Tambaya: Ni magini ne. Ba su da injin fasa dutse, kuma an ce babu siminti a katangunsu. To me ya riƙe su har yau? Daga wani mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Madalla da wannan tambaya, domin a nan gwanintar take. Wurin da ya fi nuna ta shi ne hawan Devines Hill, a ƙetaren kogin Hawkesbury daga mafitar Wisemans Ferry, inda safiyo Percy Simpson ya tsaya kan aikin daga 1829 zuwa 1832. Hawan bai cika kilomita 2 ba, amma sai da aka yanke shi a jikin dutsen yashi.

Bayan an sare itatuwa an tone kututtura ko an ƙone su, sai fasa dutse. Dabara biyu ce. Idan ana son kawar da dutsen ne kawai, mutum ɗaya ya riƙe doguwar sandar ƙarfe mai baki, wani ya riƙa maka mata guduma, mai riƙon yana ɗan juya ta bayan kowane bugu don kada ta maƙale. Ramin ya yi zurfi, a ɗura albarushi, a toshe da yumɓu, a kunna. Har yau ana ganin rabin irin waɗannan ramuka a jikin dutsen. Amma albarushi farfasa dutse yake yi, ba ya ba da na gini. Don haka idan tubalin dutse ake so, sai a sassaƙa ƙananan ramuka a jere, a cusa ƙarafa masu baki kamar na gatari, a bi su ɗaya bayan ɗaya da bugu kaɗan-kaɗan har dutsen ya tsage a kan layi. Mai gaggawa da ya dage kan ƙarfe ɗaya, tsagin karkacewa zai yi, a yi asarar tubalin.

Katangar da ke tallabe hanyar ta ɓangaren kwazazzabo jeren dutse ce tsurarta, a wasu wurare ta kai mita 10. Abu uku ke riƙe ta. Ana gyara fuskokin duwatsun da diga da kurfi har su zauna daram a kan juna, kuma ba a barin gaɓar sama ta faɗa kan ta ƙasa. Sannan katangar ba a miƙe take ba, tana ɗan jingina ciki wajen dutsen, ga kuma manyan tokare da aka gina mata daga waje. Na ukun shi ne ruwa, kuma a ganinmu shi ne kan gaba. Katanga irin wannan ba nauyin amalanke ke kayar da ita ba, ruwan da ya taru a bayanta ne ke tura ta. Simpson ya sa aka sassaƙa lambatu a gindin dutsen, ta gefen ciki, yana tare ruwan da ke gangarowa, ya zuba shi cikin ƙwalbatocin dutse da suka ratsa ƙarƙashin hanyar suka ɓulla ta jikin katangar. Rashin simintin ma taimako ne, don ruwan da ya kuɓuce yana tsiyayewa ta tsakanin duwatsu. Inda katangar ta zube daga baya, galibi za ka tarar ƙwalbati ce ta toshe da ƙasa da ganye, ko saiwar itace ta shiga gaɓa ta buɗa ta.

Daɓen sama kuma ya bi koyarwar injiniyoyin Birtaniya na zamanin, Thomas Telford da John McAdam. Telford na jera manyan duwatsu da hannu a matsayin tushe. McAdam ya dogara ga fasasshen dutse mai kaifi, kowane kada ya wuce nauyin giram 170, domin mai kaifi ne ke cije ɗan'uwansa idan ƙafar amalanke ta danne shi, tsakuwar rafi mai santsi kuwa zamewa take yi. Tsakiyar hanyar kan ɗan fi gefe tudu don ruwa ya sauka.

Tambaya: Idan hanyar ta yi kyau haka, me ya sa aka ce ba a more ta ba? Daga wata ɗaliba a Kano.

Amsa: Matsalar ta faro tun daga zaɓen layi. Safiyo Heneage Finch ya auna shi a 1825, aka yi aiki a hawan da ya zaɓa a 1828, sai aka ga ya cika tsayi da kwana-kwana. Babban safiyo Thomas Mitchell ya mayar da aikin Devines Hill, gumin da aka zubar a na farko ya tafi a banza. Mitchell mai son miƙaƙƙiyar hanya ne, hanyar kuma ta bi doron tudu inda babu ruwa babu ciyawa na tafiya mai nisa. Ga matafiyin da shanu ke ja wa kaya, wannan kaɗai ya isa ya hana shi bi.

Sannan aikin tilas ba ya sauri. Mutumin da ke jan mari, abincinsa garin masara da naman gishiri, ladansa bulala, ba shi da dalilin zage dantse. Wasu kan daddaka zoben marin da dutse har ya yi tsawo su zare diddige su shiga daji. Masu tsaronsu da yawa su ma fursunoni ne. Abin da ya ƙarasa hanyar shi ne jirgin ruwa mai tururi: a 1831 Sophia Jane ya fara zirga-zirga tsakanin Sidni da Newcastle, garin da ke bakin kogin Hunter, tafiyar kwanaki ta koma ta sa'o'i. Kafin a gama hanyar an riga an fara guje mata. Wannan watsi ne ya bar wani sashe yadda fursunonin suka bar shi, kuma a 2010 UNESCO ta sa kilomita 7.5 na wajen Devines Hill cikin wuraren tarihin duniya. Kada a manta kuma, ƙasar mutanen Darug da Darkinjung, 'yan asalin yankin, hanyar ta ratsa, ba wanda ya nemi izininsu.

Tambaya: Wannan daidai yake da aikin tilas da kakanninmu suka yi wa Turawa? Daga wani dattijo a Minna.

Amsa: Akwai kama, Baba, amma akwai bambanci babba. Waɗancan kotu ce ta yanke musu hukunci, ko da hukuncin ya fi laifin nauyi. Talakawan da aka tara ta hannun hakimai da dagatai suka yi layin dogo daga Baro zuwa Kano, wanda ya iso Kano a 1911, ba su yi laifin komai ba. Haka ma a Nijar, inda Faransa ta ɗora wa magidanta kwanakin aikin hanya na dole kowace shekara, ba a soke aikin tilas ba sai a 1946.