Hukuncin bada hoton asibiti da rizol a saka a rumbun intanet

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Malam na yi fama da sankarar mama, alhamdulillahi an min aiki na gama kemo jiki ya yi kyau, toh hotunan da aka yi ta ɗauka ta suna nan jibge a jaka har da na faifai, mamogiram da siti sikan da MRI da takardun da likitoci suka rubuta. Ɗan yayata da ke karatun likita ya ce min akwai rumbuna a intanet da ake bada irin wannan kyauta, a goge suna a saka kowa ya ɗauka, ɗalibai su koya masu bincike su yi bincike. Raina yana so amma ina tsoron kar ya zama tonon asiri ko nuna al'aura tunda hoton ƙirjina ne. Sannan akwai na mahaifina Allah ya ji ƙansa, da na yarinyata mai sikila, su ma zan iya bayarwa? kuma sai maigida ya yarda? Na gode Malam.

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ƙara sauƙi ya sa kaffara ne Hajiya, ya ji ƙan mahaifinki, ita kuma yarinyar Allah ya ba ta lafiya.

Naki na kanki ya halatta ki bayar, in ma niyyar ta yi kyau akwai lada a ciki, amma fa ba duka abin da ke cikin jakar nan ba ne naki ke kaɗai, a nan ne maganar take da tsawo.

Asalin abin taimako ne, kuma Allah ya ce a taimaki juna a kan alheri da taƙawa a Ma'ida aya ta 2. A Sahihu Muslim Jabir ya ce kunama ta harbi wani suna zaune tare da Annabi (SAW), sai wani ya ce ya Rasulallahi in masa tofi? sai ya ce duk wanda zai iya amfanar da ɗan uwansa a cikinku ya yi. Kinga a kan maganar jinya ma aka faɗi wannan. Ga kuma hadisin Abu Huraira na abubuwa uku da ba sa yankewa bayan mutuwa, cikinsu har da ilimin da ake amfana da shi, kuma ni ban ga dalilin da zai sa a ce ilimin likita baya ciki ba. Likitan da ke karanta hoto ba da littafi kawai yake ƙwarewa ba, sai idonsa ya ga dubbai, wannan ƙari ne wancan ba komai ba ne, haka ma manhajojin kwamfuta da ake koya wa gane cuta. A 2017 cibiyar binciken lafiya ta Amurka NIH ta saki hotunan ƙirji sama da dubu 100 na marasa lafiya sama da dubu 30, akwai kuma rumbun hotunan sankara da ake kira TCIA, da irin waɗannan aka yi ta gwajin manhajoji, har a 2021 hukumar lafiya ta duniya ta yarda a yi amfani da kwamfuta wajen duba hoton ƙirji don tace masu tarin tibi daga shekara 15 zuwa sama. Mu da likitan karanta hoto yake mana wahalar samu, mutum ya taso daga ƙauye a ɗauke shi hoto a ce ya dawo wani satin karɓar rizol, ai mun fi kowa buƙatar abin ya yi kyau, kuma yawancin hotunan da ke waɗannan rumbuna ba na mutanenmu ba ne.

Batun tonon asiri kuma, ciwo ba zunubi ba ne balle a ce dole a rufe shi. Hadisin da ya ce duk al'ummata ana yafe musu sai masu bayyanawa, a kan saɓo yake magana, wanda Allah ya rufa masa asiri da dare ya wayi gari yana bada labari. Sankara ba saɓo ba ce. Ki duba matar nan da Ibn Abbas ya nuna wa Ata'u ɗan Abi Rabah ya ce in nuna maka 'yar Aljanna? ta zo wajen Annabi (SAW) ta ce ina farfaɗiya kuma jikina yana buɗewa ka min addu'a, ya ce in kin so ki yi haƙuri ki samu Aljanna in kin so in roƙa miki lafiya, ta ce zan yi haƙuri, amma ka roƙa min jikina ya daina buɗewa, ya roƙa mata. Bukhari da Muslim duk sun kawo shi. Ciwon da bakinta ta faɗe shi kuma yau sama da shekara 1400 ana karantar da shi ba wanda ya ce an tona mata asiri, abin da ba ta yarda da shi ba shi ne tsiraici. Toh a kan wannan layin nake raba miki kayan jakar taki.

Hoton eksire da mamogiram da yankan siti sikan, abin da na fahimta ba su ne al'aurar da malamai suke nufi ba, inuwa ce baƙi da fari ta ƙashi da tsoka, ba fata ba launi ba abin da zai motsa sha'awar mai hankali, wanda ba likita ba ko an juya masa shi ƙasa a sama ba zai gane ba. Wannan babu laifi. Amma in akwai hoton kamara da aka ɗauki ƙirjin kafin aiki ko bayan ɗinki, wannan al'aura ce sak ko da an yanke fuska, bai halatta a saka shi inda kowa zai sauke ba. An yi rangwame likita ya gani saboda lalura, ita kuma lalura gwargwadonta ake auna ta, duniya gaba ɗaya ba likitanki ba ce. In za a yi amfani da irinsa sai dai a rufaffen wuri na likitoci kuma ya zama babu abin da zai maye gurbinsa.

Yanzu maganar ɗan yayarki cewa ana goge suna. Gaskiya ya faɗa amma bai ƙarasa ba, kuma nan ne nake so ki buɗe kunne saboda hukuncin ya rataya a kansa. Faifan nan da aka ba ki ba hoto kawai ba ne a ciki, fayil ɗin irin wanda ake kira DICOM ne, a cikinsa akwai sunanki da ranar haihuwa da lambar kati da sunan asibiti da ranar da aka ɗauka, ko kin rufe sunan da ke saman hoton suna nan a ɓoye. Hoton sikanin ciki kuma sau da yawa sunan a jikin hoton yake a buge can saman kusurwa. Abin da ya fi ban mamaki shi ne MRI na kai, ana iya haɗa yankan a fito da siffar fuskar mutum, a 2019 masu bincike a asibitin Mayo na Amurka suka gwada da mutum 84 da suka yarda, manhajar gane fuska ta gano 70 daga cikinsu daidai. Haka siti sikan na ƙirji za a iya haɗa shi ya fito da siffar jiki ta waje, kinga wannan ya taɓo maganar al'aura kenan, sai ki tambaya me suke yi a kai. Tun a 1997 ma wata ɗaliba Latanya Sweeney ta zaƙulo bayanan asibitin gwamnan jihar Masachuset ta Amurka William Weld daga takardun da aka ce an goge suna, da ranar haihuwa da jinsi da lambar unguwa kawai. Balle takardar da za ta ce mace 'yar shekara kaza malamar makaranta daga gari kaza mai 'ya'ya kaza, ai 'yan unguwa basa buƙatar kwamfuta. Kuma magana zarar bunu ce, abin da ya hau intanet mutane suka sauke ko rumbun ya cire daga baya ba ki da hanyar karɓo shi daga hannunsu. Don haka yardar da shari'a take kallo a nan ita ce ta wanda ya san wannan duka sannan ya ce na yarda, ba wanda aka miƙa wa fom da Turanci aka ce dangwala nan ba.

Shawarata kar ki ɗora da kanki daga waya. Manyan rumbunan kirki yawanci ma ta hannun asibitoci da masu bincike suke karɓa, toh ki bi ta likitanki ko kwamitin ɗa'ar bincike da asibitocin koyarwa suke da shi, kuma in an ba ki zaɓi tsakanin wanda kowa ke shiga da wanda sai mai bincike ya yi rajista ya sa hannu ba zai nemi gano mutane ba, na biyun ya fi min kwanciyar hankali. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen musulmi a zamanta na Burunai a 1993 ta yanke cewa asali haramun ne ma'aikacin lafiya ya fitar da sirrin mara lafiya sai da dalili irin kawar da cuta ko maslahar jama'a, dokar lafiya ta Najeriya ta 2014 ita ma ta hana, daga cikin abin da ta togace akwai in mai abin ya yarda a rubuce, ga kuma dokar kare bayanai ta 2023. Na kawo wannan ne saboda shi ɗan yayar taki da abokansa, kar wani ya karanta amsar nan ya je ya kwashi hotunan marasa lafiya a waya ya ce Malam ya ce sadaka ce. Wannan cin amana ne, sadaka da kayan wani ba sadaka ba ce.

Ko a naki ma ki tsaya ki karanta takardun. Likitoci suna rubuta tarihin dangi, mahaifiya ta yi kaza, yaya ta yi kaza, miji yana da kaza. In an miki gwajin gado irin na BRCA, wato mai duba ko ana gadon sankarar mama a dangi, wannan rizol ɗin yana magana a kan 'ya'yanki mata da ƙannenki, kuma kin san halin mutanenmu da binciken aure, da an ji ƙishin-ƙishin gidan su wance akwai kaza shikenan an fasa, ba ruwansu da bayanin likita. Annabi (SAW) ya ce ba cuta ba cutarwa, Imamu Malik ya kawo shi a Muwaɗɗa. Duk layin da ya shafi wani a cire shi ko a nemi izininsa. Haka duk wanda takardarsa ta ƙunshi kanjamau ko taɓin hankali ko wani abu na shimfiɗar aure, ko sikanin cikin da kwanan watansa zai tona abin da Allah ya rufa, ni bana ba shi shawarar rumbun da kowa ke shiga sam. Sa hannun likita da sunansa shi ma a rufe, kuma kar a canza komai a bayanin cutar don a ɓad da sawu, a goge a bar wurin fili ya fi a rubuta ƙarya, don wani zai gina magani a kai.

Maigida: a naki izininsa ba sharaɗi ba ne. Abin da malamanmu na Malikiyya suka ce mace ba ta kyautar da sama da sulusi sai da yardar miji, a kan dukiya ne, wannan kuwa ba dukiya ba ce. Amma ki faɗa masa, zaman lafiya ya fi ladan nafila, in ya nuna baya so kuma abin zai kawo rigima ki bari ba ki da zunubi tunda ba wajibi ba ne.

Na yarinya daban ne. Waliyyinta ubanta ne, dole da shi, kuma shi kansa waliyyi ba a sake masa ya yi yadda ya ga dama ba, maslahar yaro yake bi. Rumbun da kowa ke shiga ba wani amfani na kai tsaye da zai mata, haɗarin kuwa ita zai bi har girmanta, ita ce za ta yi aure ita za ta nemi aiki. Ki ajiye mata kayanta in ta balaga ta yi hankali ta zaɓa da kanta. In kuma asibitin da take zuwa kilinik na sikila suna wani bincike da kwamiti ya amince da shi a rufe, wannan ku iyaye za ku iya yarda, don Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu wannan ciwo kuma ita ma tana cikin masu cin moriyar abin da za a gano, in ta kai wayo a tambaye ta ita ma.

Mahaifinki kuma mutuwa ba ta cire masa alfarma ba, Abu Dawud ya ruwaito daga Nana A'isha cewa karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye. In ya taɓa cewa a bayar toh a bayar. In kin san mutum ne mai ɓoye ciwonsa, irin dattawan nan da ko 'ya'yansu sai da ƙyar suke faɗa wa, a bar shi da sirrinsa. In ba ki san ra'ayinsa ba, kuma ba abin kunya a ciki, kuma an goge duk abin da zai nuna shi, ki tuntuɓi 'yan uwanki, ba gado ba ne da za a ce kowa ya ɗauki kasonsa ya yi yadda yake so, in ɗaya ya ƙi da dalili mai ma'ana a haƙura a masa wata sadakar.

Wasu suna tambaya ai kamfanoni za su ɗauka su yi kuɗi, kuma ba musulmi ba ne za su amfana. Na biyun ba matsala ba ne, a kan kare mai ƙishirwa ma aka ce akwai lada a kan duk mai ɗanyar hanta balle ɗan Adam mara lafiya. Na farkon kuma ki sa a karanta miki sharuɗɗan, wasu rumbunan sun yarda a yi kasuwanci da abin wasu sun hana, in kin sani kin yarda ba laifi kuma ladanki na niyyarki ne. Sai dai in wani ya zo miki ta WhatsApp yana cewa ki turo hoton da katin shaidarki za a biya ki, wannan kar ki ko amsa masa.

Wallahu a'alam.