'Yata tana fara rubutun boko daga dama

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. 'Yata mai shekara shida tana zuwa boko da safe, da yamma kuma makarantar allo. Kwanan nan ta rubuta sunanta da boko daga dama, har malamarsu ta ja mata jan biro. Shin Larabci ne kaɗai ake rubutawa haka? Kuma haɗa karatun biyu ba zai rikita ta ba?
Daga wata uwa, Fagge, Kano.

AMSA: Wa alaikumussalam Hajiya. Allah ya raya ta, ya yi mata albarka. Ki kwantar da hankalinki, yarinyarki lafiya lau take. Hannunta ne ya saba da allo, ya bi hanyar da ya sani.

Ba Larabci kaɗai ba ne. Ibrananci daga dama ake fara shi, haka Farisancin Iran, da Urdu na Pakistan, da Pashto na Afganistan. Asalin abin gado ne: mutanen Finikiya, a inda Labanan take yanzu, daga dama suke rubutu shekara 3,000 da suka wuce, kuma daga baƙaƙensu na Larabci da na Ibrananci suka samo tushe. Girkawa ma a wurinsu suka aro, har suka yi zamani suna layi ɗaya daga dama, na biyu daga hagu, kamar shanun huɗa, kafin su tsaya a hagu. Daga nan Rumawa suka gada, har abin ya zo mana da sunan boko. A Afirka ta Yamma muna da namu: N'Ko, wanda Sulemana Kante ya ƙirƙiro a 1949, da Adlam na Fulatanci da wasu 'yan uwa biyu suka tsara a Gini a 1989. Duka daga dama suke tashi.

Amma abin da nake so ki riƙe, Hajiya, shi ne harshe ba shi da dama ko hagu, baƙaƙen da aka zaɓa masa ne suke da ita. Turkiyya ta bar baƙaƙen Larabci a 1928, Turkanci ya koma hagu, bakin mutane bai sauya ba. Hausar nan da muke yi da ke ita ce shaida mafi kusa. Tun kafin Baturen nan Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa ta boko a Nassarawa ta Kano a 1909, Kanawa suna rubuta wasiƙa da waƙa da lissafin bashi da ajami. Ciro naira ɗari biyar daga jakarki ki duba, "Naira ɗari biyar" ɗin da ke jikinta Hausa ce zalla, ba Larabci ba.

Ina da wasiƙar kakana da ya aiko wa mahaifina daga Makka, da tawadar da ta koma ja saboda tsufa. Fa ɗinsa ɗigo ɗaya a ƙasa, irin na Warsh da muka koya a allo. Ranar da na ba ɗana ya karanta, ya juya takardar sau biyu ya ce bai iya Larabci ba, alhali kakan nawa gaishe da mutanen gida yake yi da tambayar gero. Wannan ya yi mini ciwo ƙwarai, shi ya sa nake murna da 'yarki.

Kada a cire ta daga ko ɗaya. Ki riƙa sa mata ɗan ɗigo a gefen hagu na littafin boko, ki ce nan ne ƙofar shiga, allon kuwa ta san ƙofarsa. Lambobi ba za su ba ta wahala ba, domin ko a Larabci daga hagu ake rubuta 125. In ta gama babbaƙu da farfaru, ki roƙi malamin allo ya nuna mata yadda ake rubuta sunanta da naki da ajami.