Tambaya da Amsa: An sa mai bincike yana bibiyata, mene ne haƙƙina?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina shari'a da wani kamfanin inshora kan raunin da na ji a wurin aiki. Na lura wani mutum yana ajiye mota kusa da gidana yana ɗaukar hotona, har ya yi wa maƙwabta tambayoyi a kaina. An ce mai bincike ne mai zaman kansa. Doka ta yarda da haka? Dole ne in amsa masa idan ya tare ni?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Allah ya ƙara sauƙi. Ki fara kwantar da hankalinki da wannan: mai bincike mai zaman kansa ba ɗan sanda ba ne. Ko yana da lasisi, ba shi da ikon tsare ki, ko shiga gidanki, ko tilasta miki magana. Idan ya tare ki, ki ce masa ya tuntuɓi lauyanki, ki wuce.

A mafi yawan ƙasashe doka ta bar shi ya tsaya a titi ya ɗauki abin da kowane mai wucewa zai iya gani, ya duba bayanan kotu da ke buɗe ga jama'a, ya karanta abin da kika wallafa a Facebook, ya kuma tambayi maƙwabta, su ma in sun ga dama su yi shiru.

Iyakarsa ƙofar gidanki ce da wayarki. Haura katanga, leƙe ta taga da kyamara, kutse cikin waya ko imel, sauraron hirar da ba ya cikinta, da yin sojan gona a matsayin jami'in tsaro, duk laifi ne kusan ko'ina. A Amurka, dokar 1999 ta haramta karɓo bayanan bankin mutum ta hanyar yaudara, ta 2006 kuma ta haɗa da bayanan kiran waya. Maƙala na'urar bin sawu a motarki ba da izininki ba, shi ma haramun ne a wurare da yawa.

Ga inda mutane ke yin kuskure: suna zaton duk hujjar da aka samo ta haramtacciyar hanya kotu za ta yi watsi da ita. Ba kullum ba ne. A Ingila, wani mai bincike ya shiga gidan wata mai ƙara da sunan binciken kasuwa ya ɗauki bidiyonta a ɓoye. A 2003 kotun ɗaukaka ƙara ta yi tir da hakan, ta ɗora wa ɓangaren da ya turo shi kuɗin wannan takaddama, amma ta karɓi bidiyon. Saboda haka kada ki bar baƙo ya shigo miki da wani uzuri, kuma ki bi umarnin likita sau da ƙafa. Bidiyon minti ɗaya kina ɗaga kaya mai nauyi zai iya raunana ƙararki, ko da kin kwana kina jinya bayansa.

Daga yau ki riƙa rubuta rana, lokaci, wuri, lambar mota da kamanninsa, ki ɗauki hoto daga nesa, ki miƙa wa lauyanki. Kada ki yi faɗa da shi ko ki taɓa kyamararsa, don laifin zai koma kanki. Ki rufe shafukanki na sada zumunta ga baƙi, amma kada ki goge komai ana cikin shari'a, domin za a iya ɗaukarsa ɓoye hujja.

Idan bibiyar ta kai ga tsoratarwa ko bin yaranki, ki kai rahoto wurin 'yan sanda, lauyanki kuma ya nemi kotu ta ba da umarnin hana shi kusantarki. Inda ake ba masu bincike lasisi, ki kai ƙorafi ga hukumar da ke bayarwa, tana iya soke shi.