Caji ba ya taɓa furoton

Ka ce ayon, wato atam mai caji, cajinsa 3+, yana da elektiron 10 da niyutiron 14, ina lambar atam, ina lambar nauyi? Kai da za ka tsaya gaban allo kana cin kuɗin iyayen yara, wannan ce tambayarka? To buɗe kunne, ɗana.

Elektiron ne kaɗai ke fita ko shiga, furoton na nan daram. 3+ na nufin atam ya zubar da elektiron uku, sai ka mayar masa da abinsa: 10 da 3, 13. A atam marar caji elektiron da furoton yawansu ɗaya, don haka furoton 13 ne; lambar atam ke nan, aluminiyam. Ɗora niyutiron 14, lambar nauyi 27. Elektiron ba ya shiga wannan lissafi, sai an tara wajen 1,836 kafin su kai nauyin furoton guda. In cajin ragi ne, cirewa za ka yi: 2− mai elektiron 18 ya zama 16, farar wuta.

Dalilin da ya sa raina ya ɓaci, wani yaro ne da aka damƙa wa ajin yamma a nan Tudun Wada, ga kwalin digiri ga ƙaton waya. Ganin alamar tarawa, sai ya ce ai ƙarin elektiron aka samu. Ya cire 3 daga 10, ya ce naitirojin ne, nauyi 21. Naitirojin da kowa ya sani 14 ne! Zango guda yana ɗura wa yara wannan. Da suka zauna jarrabawar gwaji ta JAMB suka zube, wani Alhaji ya kwashe 'ya'yansa, kuɗin zangon ma ya ce ba zai biya ba, maƙwabtansa suka bi sahu. Har yau ajin bai sake cika ba. Shi kuwa gogan ko a jikinsa. Yaran yanzu, tambaya ce ke ba su kunya.

Ga tarkon da masu jarrabawa ke so: Na+, Mg2+, Al3+, F−, O2−, duk elektiron goma-goma ne. Wanda ya ƙirga elektiron kawai, niyon, mai lambar atam 10, zai kira su duka. Kuma kada na ji ka ce lambar nauyin kulorin 35.5. Matsakaici ne na kulorin mai 35 da mai 37, bisa yawan kowanne, mai 35 ne ya fi yawa. Babu rabin niyutiron.

Yadda ake karanta teburin sinadarai ba zan koya maka ba. Gobe bayan la'asar ka kawo mini amsar wannan a rubuce: caji 2+, elektiron 18, niyutiron 20.