Shin harsashin Magnum yana cinye libarba?

Malam, ka tambaya ko yawan harba .357 Magnum zai lalata maka libarba. Zai ci ta, amma sannu a hankali, kuma ya danganta da kaurin jikinta.

Matsin iskar albarushi na .357 Magnum yana kaiwa psi (ma'aunin matsi) 35,000, na harsashin .38 Special kuwa 17,000 ne, wato ninki biyu ke nan. Inda abin ya fi ci shi ne maƙogwaron bututu, wurin da harsashi ke shiga bayan ya baro silinda, wato ɗakin harsasai mai juyawa. An san libarba samfurin Model 19 ta kamfanin Smith & Wesson da tsagewa a ƙasan wannan wuri, domin ƙarfen can siriri ne, musamman da harsashi mara nauyi mai giren 125 (giren ma'aunin nauyin harsashi ne). Shi ya sa suka fito da samfurin 686 mai kauri.

Haska tocila a ƙarƙashin ƙarfen saman firam (gangar jikin bindigar), daidai tsakanin silinda da bututu. Za ka ga ɗan layin da wutar albarushi ta zana. Wannan kada ya dame ka, yakan tsaya da kansa. Amma in silinda ta fara wasa gaba da baya, ko ka ga tsaga komai ƙanƙantarta, ajiye ta sai makanikin bindiga ya duba.

Ni dai da .38 nake atisaye, Magnum jefi-jefi.